Hamman Yaji: Hakimin Madagali da kundinsa ya zama shaida a kansa

Matafiyin da ya tashi daga Mubi ya miƙa arewa ta Michika da Gulak, zai yi ta hangen duwatsun Mandara a hannunsa na dama har ya kai mahawar Sukur. Daga gindin dutsen sai a ajiye mota a taka da ƙafa, a bi wata tsohuwar hanya da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu, har a isa fadar Hidi, wato Sarkin Sukur. Can ne ake ganin katangun dutse da aka jera ba tare da laka ba, da gonaki hawa-hawa a jikin tsauni, da kufan matoyar tama. A 1999 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne na farko a Nijeriya. Sai dai labarin wannan fada ba ya cika idan ba a ambaci mutumin da ya fi kowa jefa ta cikin uƙuba ba, wato Hamman Yaji, Hakimin Madagali.

An haifi Hamman Yaji wajajen 1863 a gidan sarautar Fulanin Madagali, ɗaya daga cikin ƙananan ƙasashen da ke bin Lamiɗon Adamawa a can iyakar arewa. Ya tashi ya tarar da zaman doya da manja tsakanin Fulanin kwari da mutanen kan dutse irin su Margi da Mafa da Kamwe da Sukur. Wani lokaci a yi ciniki, wani lokaci a kai hari. Sukur kuwa tana da abin da kowa ke nema: ƙarfe. Maƙeranta suna narka tama, fatake suna hawowa su saya su kai kasuwannin Barno, kuma da wannan arziki ne Hidi ya samu girma a tsakanin maƙwabta.

A 1902 Jamusawa, waɗanda suka mamaye yankin a matsayin wani ɓangare na Kamaru, suka kashe mahaifinsa, Arɗo Bakari, sarauta ta dawo hannun Hamman Yaji. Ya yi shekara 25 a kan karaga, ya kuma ga iyayengiji uku. Jamusawa ne na farko. Da aka ci su a Yaƙin Duniya na Farko, Faransawa suka karɓi ƙasar. Daga baya, bayan rabon Kamaru tsakanin Faransa da Ingila, Madagali ta faɗo ɓangaren Ingilishi. Kowace gwamnati daga cikin ukun ta haramta bauta a takarda, amma jami'anta suna nesa, ba su da yawa, kuma abin da ya fi damunsu shi ne haraji ya shigo, ƙasa ta zauna lafiya a rahoto. Hamman Yaji ya gane haka sarai. Yana karɓar baƙin Turawa da girmamawa, yana aika kyaututtuka, sa'an nan ya juya ya tura dakarunsa kan dutse.

Abin da ya bambanta shi da na gabaninsa shi ne bindigar zamani. A da, tsauni garkuwa ne, domin doki ba ya hawan dutse, kuma mai kibiya a sama ya fi mai takobi a ƙasa. Da bindiga ta shigo hannun 'yan ƙalilan, wannan garkuwa ta fashe.

Ba daga bakin maƙiyansa kaɗai aka san wannan ba. Daga 1912 zuwa 1927 Hamman Yaji ya riƙa sa magatakarda yana rubuta masa abubuwan yau da kullum da Larabci. A cikin kundin akwai tafiye-tafiyensa, da cinikin dawaki da shanu, da shari'o'in da ya yanke, da al'amuran gidansa, da ibadarsa. A tsakanin waɗannan kuma, cikin murya ɗaya ba tare da wani sauyi ba, akwai lissafin hare-hare: ƙauyen da aka faɗa wa, mutanen da aka kashe, mata da yaran da aka kamo, da shanun da aka koro. Masanan da suka bi kundin dalla-dalla sun ƙidaya aƙalla mutum 1,600 da aka kama bayi tsakanin 1912 da 1920. Sunan Sukur ya fito a ciki ba sau ɗaya ba, har da labarin rushe gidan sarkinta da ƙona gidajen jama'a. Har yau dattawan Mandara, a ɓangaren Nijeriya da na Kamaru, suna ambaton zamaninsa a matsayin lokacin gudu da ɓuya a kogo.

Abin lura shi ne, ba wannan ɓarna ce kaɗai ta kayar da shi ba. Hamman Yaji ya karkata ga Mahadiyya, Ingilishi kuwa suna matuƙar tsoron wannan tafiya, musamman bayan da suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu a 1923 suka kai shi Buea. Kukan mutanen dutse ya daɗe yana tashi, amma sai da mahukunta suka ji barazanar ta kusanto kujerarsu sa'an nan suka motsa da gaske. A 1927 aka kama shi, aka tuɓe shi, aka fitar da shi daga ƙasarsa. Ya rasu a 1929, bai sake mulkin Madagali ba.

Kundin ya faɗa hannun Turawa a lokacin kamun, wani jami'i mai suna Kyaftin Reed ya fassara shi zuwa Ingilishi. Asalin na Larabci ya ɓata, fassarar ce ta tsira a cikin takardun gwamnati. A 1995 James Vaughan, wanda ya yi bincike a ƙasar Margi, da Anthony Kirk-Greene, tsohon jami'in mulki a Adamawa, suka wallafa ta a jami'ar Indiana ta Amurka. Ba don wani ya adana wannan fayil ba, da yanzu abin da aka yi wa Sukur ya zama zancen baka da kowa zai iya musantawa.

Bayan Hamman Yaji, Sukur ta farfaɗo, ko da yake sana'ar tama ta mutu sannu a hankali da shigowar ƙarfen waje. A 1961 yankin ya zaɓi zama cikin Nijeriya, ya shiga Lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi. Sai kuma a 2014, shekarar da Boko Haram ta kama Madagali da Michika da Mubi, 'yan bindiga suka sake hawa dutsen, suka ƙona gidaje, suka taɓa fadar Hidi. Kusan shekara 100 tsakani, amma hanyar ɗaya ce: makami a hannun 'yan kaɗan, hukuma a nesa.

Kula da Sukur a yau yana wuyan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, tare da gwamnatin Adamawa da mutanen garin. Su mutanen Sukur sun sha mayar da dutse kan dutse da hannunsu, kuma za su ci gaba. Abin da ba za su iya yi wa kansu ba shi ne tsaro da hanya da kasafin gyara, kuma waɗannan a kan teburan Abuja ake sa musu hannu. Tarihin Hamman Yaji ya nuna irin abin da ke faruwa a kan iyaka idan mai riƙe da alƙalami ya wadatu da rahoton da ke cewa komai lafiya.