Abubakar Ar-Razi, Likitan Musulmi

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Asibitin Zana da ke Titin Faransa, tsakanin Fagge da Sabon Gari, ya ga yadda ake keɓe masu cuta mai yaɗuwa daga sauran jama'a. Keɓewa kuwa ba ta yiwuwa sai an fara gane cutar. A nan ne ya kamata mu tuna da Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya Ar-Razi. Kada a ɗauka shi ne Fakhruddin mai tafsiri. Gari kaɗai ya haɗa su.

An haife shi a Rayyi, kusa da Tehran ta yau, wajajen shekarar 865 Miladiyya. Ya shugabanci asibitin garinsu, daga baya na Bagadaza. Masu tarihi sun ruwaito cewa da aka nemi shawararsa kan inda za a gina asibiti, sai ya sa aka rataye nama a unguwanni dabam-dabam, ya zaɓi wurin da naman ya fi jinkirin ruɓewa. Ba a san ƙwayoyin cuta ba a zamaninsa, amma hankalinsa ya ba shi cewa muhalli yana iya ƙara wa majinyaci ciwo.

Mafi girman aikinsa, a ganina, shi ne ɗan littafinsa da ya bambance agana da ƙyanda ta alamominsu. An kawar da agana daga duniya a 1980, ƙyanda kuwa har yau tana kwantar da yaranmu.

Ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Rayyi a shekarar 925.