Sarkin Katsina Usman Nagogo: Gwanin Ƙwallon Dawaki Da Ya Kai Maki 7

Jama'armu da ke Legas, Ibadan da Fatakwal da yawa sun san filayen wasan Polo, wato ƙwallon dawaki. Wasu ta gefen katangar suke wucewa kullum, wasu kuwa a ciki suke neman abinci, suna kiwon dawaki, suna wanke su, suna yanko musu ciyawa. Sai dai in ka tambayi matasanmu wane ne ɗan Najeriyar da ya fi kowa nisa a wannan wasa, kaɗan ne za su ba ka amsa. To, amsar ita ce marigayi Sarkin Katsina Alhaji Sir Usman Nagogo, Allah Ya jiƙansa.

An haifi Usman Nagogo a Katsina a shekarar 1905. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Dikko, Bafillace daga zuriyar Sulluɓawa, wanda a lokacin yake riƙe da sarautar Durɓin Katsina. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka sauke Sarki Yero na gidan Dallazawa suka ɗora Dikko a kan gadon sarauta. Kenan Nagogo ya buɗi ido ne a gidan sarauta, inda bargar dawaki take kamar wani sashe na gida. Ya yi karatun allo da na littattafai tukuna, sannan aka sa shi makarantar boko ta lardi a nan Katsina.

A 1921 mahaifinsa ya yi doguwar tafiyar nan da ta shiga tarihi, ya je Ingila ya kuma sauke farali a Makka, abin da sarki mai ci a Arewa bai taɓa yi ba a zamanin Turawa. Nagogo yana cikin 'yan rakiya, yana ɗan shekara 16, har suka gana da Sarkin Ingila George na Biyar. Dikko mutum ne mai son doki ƙwarai, da sukuwa da duk wani abin da ya shafi hawa. Wasan Polo ya kwanta masa a rai, shi ya sa ya kafa shi a Katsina, ya tanadi fili, ya sa 'ya'yansa da yaran fada suka koya.

Kafin wannan lokaci, wasan na Turawa ne zalla. Hafsoshin sojan Ingila suka shigo da shi, kuma kulob ɗin Legas, wanda yake Ikoyi har yau, tun 1904 aka kafa shi. A Kaduna kuwa an fara gasar kofin Georgian a 1919. Ɗan ƙasa a wancan zamani aikinsa shi ne ya riƙe linzami, ya ɗaura sirdi, ya koma gefe ya yi kallo. Kun ga ashe ba ƙaramin abu ba ne a ce ga 'yan Katsina sun hau sun shiga fili suna kafaɗa da kafaɗa da masu mulkin ƙasa.

Ga wanda bai san wasan ba, bari in ɗan warware yadda yake. Kowane ɓangare mahaya huɗu ne. Filin yana da tsawon yadi 300 da faɗin yadi 160, ya ninka filin ƙwallon ƙafa sau da yawa. Ana buga wasan turmi-turmi ne, kowane turmi minti 7, kuma gudun da doki yake yi a cikin mintunan nan ya isa a ce an canja shi kafin turmi na gaba. Dole ka riƙe sandar bugu da hannun dama, linzami a hagu, ko da kai bahago ne, don kada mahaya su yi karo gaba da gaba. Akwai kuma dokar layin ƙwallo: duk inda ƙwallo ta bi, wanda ke kan wannan layi shi ke da hanya, in ka gitta masa ka yi laifi. Da an jefa ƙwallo a raga, sai a yi musayar gida.

Sannan akwai ma'aunin gwaninta da ake ba kowane ɗan wasa. Sabon shiga yana farawa ne daga maki 2 ƙasa da sifili, ƙololuwa kuma ita ce maki 10. Ba yawan ƙwallayen da mutum ya ci ake dubawa kawai ba, ana duba zamansa a kan doki, da kaifin bugunsa, da yadda yake karanta wasa, da irin dawakin da yake hawa. Yawancin masu buga Polo a duniya sukan tsaya ne a maki 2 ko ƙasa da haka har su daina wasa. Masu maki 10 kuwa ba su da yawa, kuma akasarinsu 'yan Ajantina ne. Nagogo ya kai maki 7, matsayin da har yau ake lissafa shi a kan mafi girma da wani ɗan Najeriya ya taka.

Abin da zai sa mutum ya ƙara jinjina masa shi ne irin dawakin wancan zamani. Yanzu attajirai kan yi odar dawakin Ajantina, waɗanda tun suna ƙanana aka hore su don wannan wasa. Su Nagogo kuwa da dawakinmu na gida suka yi, irin waɗanda ake hawan salla da su. Duk wanda ya taso cikin dabbobi ya san dokin da ya saba da zabura da tsayawa a gaban sarki, sai an sha wahala kafin ya yarda ana kaɗa sanda kusa da kunnensa, wani dokin na gogarsa a gefe, shi kuma bai firgita ba. Wannan horo aikin haƙuri ne na watanni, kuma aikin mahayi ne tare da masu kula da barga. Da irin waɗannan dawaki 'yan wasan Katsina suka riƙa zuwa Kaduna suna karawa da ƙungiyoyin Turawa, har Katsina ta zama gidan Polo a Najeriya.

Duk wannan fa yana yi ne yana riƙe da aikin hukuma. A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan doka na En'e ta Katsina. A 1937 ya zama Magajin Gari, wato hakimin cikin birni. Da mahaifinsa ya rasu a farkon 1944, shi ya gaje shi, kuma Gwamna Arthur Richards ya ba shi sandar girma ranar 19 ga Mayu, 1944. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, dubban 'yan Arewa suna dazukan Bama suna fafatawa da sojojin Japan. Sabon sarkin ya yi tattaki har Indiya da Bama don ya duba su ya ƙarfafa musu gwiwa. A 1952 ya shiga majalisar ministoci ta tsakiya a Legas a matsayin minista maras ofishi, daga baya kuma ya riƙe irin wannan muƙami a gwamnatin Jihar Arewa. A 1962 aka ba shi lambar girma ta KBE, daga nan ne ake sa masa Sir a gaban suna.

Ya ga sauyi iri-iri a kan karaga. Ya hau mulki lokacin da sarki ke da 'yan doka da kotu da gidan yari a hannunsa, ya kuma ga yadda gwamnatocin soja suka karɓe su ɗaya bayan ɗaya, har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Duk da haka martabarsa ba ta ragu ba a idon jama'a, kuma bai saki harkar doki ba. Shi ne shugaban ƙungiyar Polo ta Najeriya na har tsawon rai. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 18 ga Maris, 1981, bayan shekara 37 yana sarauta, saura shekara 6 a ƙirƙiro Jihar Katsina.

Gidan bai bar wasan ya mutu ba. Ɗansa Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi gwamnan soja na Arewa daga 1966 zuwa 1967, sanannen ɗan Polo ne. Haka ma Muhammadu Kabir Usman da ya gaje shi ya yi sarauta har 2008, sai kuma jikansa Abdulmumini Kabir Usman da ke kan gado yanzu. Gasar Katsina ta shekara-shekara tana nan, 'yan wasa daga Legas, Ibadan, Fatakwal, Kano da Kaduna suna hallara.

Ko a nan Kwandere da cikin garin Lafia, yaro zai jero maka 'yan wasan Real Madrid tsaf, amma bai taɓa jin sunan Nagogo ba. Wannan asara ce, musamman ga 'yan'uwanmu masu aikin barga a Kudu, waɗanda wasu ke ɗauka 'yan aike ne kawai. Sanin doki da suke da shi, shi ne tushen wasan baki ɗaya, kuma da shi Katsina ta yi suna. Ya kamata sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da sauran zango-zango su riƙa sa baki wajen masu dawaki, a ba yaran da ke da hannu damar hawa su yi wasa, a kuma biya su haƙƙinsu yadda ya dace. Allah Ya gafarta wa Sarki Usman Nagogo, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.