Ɗan Hausa da Ƙa'idojin Rubutun Boko

Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, an haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekarar 1876. Aikin mishan ne ya fara kawo shi Nijeriya, amma bai daɗe a ciki ba ya koma aikin Gwamnatin Ingila. A 1906 ya ƙetare Hamada tare da ayari daga Tarabulus zuwa Barno.

Abin da ya fi shafar ɗalibin Hausa a rayuwarsa ya soma ne a 1909, lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, Kano. Gwamna Lugga ya riga ya zaɓi boko a kan ajami don aikin mulki, amma zaɓen haruffa daban, sanin yadda za a jera su daban. Kowane Bature yana rubuta Hausa ne yadda kunnensa na Turanci ya jiyo masa. Sai a tarar da kalma guda ta fita da kama biyu ko uku tsakanin ofishin Razdan da na Di'o. Mafi muni shi ne rashin bambanta baƙaƙen da Turanci ba shi da su. Takardar da ba ta raba kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, tana iya juya ma'anar umurni, balle a batun haraji ko shari'a.

Saboda haka a 1912 Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa, inda ya sa alamar ɗauri gaban baƙi, watau 'b da 'd da 'k. Dabarar ba ta da kyan gani, amma kowace tafireta tana iya buga ta, kuma malaman da ya horar sun bazu da ita cikin larduna. Sai a shekarun 1930 haruffa masu lanƙwasa suka maye gurbinta. Ba kuma za a ɓoye ba cewa tsarin nan ya bar malaman ajami, masu ƙarnuka da alƙalami a hannu, a bakin ƙofar ofis.

Daga baya ya zauna a Landan yana sakataren kwamitin ba da shawara kan ilmi a ƙasashen da Ingila ke mulka. Ya rasu a 1945. Gidansa na Kano shi ne Gidan Ɗan Hausa.