Grace Hopper, matar da nake tunawa duk ranar da manhaja ta ƙi ni

Daren jiya a nan Sabon Zongo na kwana kan wata tsohuwar manhajar lissafin shago. Na haɗa ta da ncurses don ta yi tsari a baƙin allo, sai rubutu ya hargitse, ga mai shago yana jira da safe. Nan na tuna da Grace Hopper.

An haife ta a New York a 1906. Ta yi digirin dakta a lissafi a Yale a 1934, ta shiga sojan ruwan Amurka a 1943. A 1947, a Harvard, abokan aikinta suka ciro ƙwaro, irin mai bin fitila da dare, daga cikin kwamfutar Mark II, suka manna shi a littafin aiki. A 1952 ta fitar da A-0, mai ɗauko guntayen manhaja da aka adana ya ɗinke su wuri guda. Aikinta ya share wa COBOL hanya. Ta rasu a 1992.

To, ni ma na bi layi-layi. Ashe wani tsohon printf ne ke rubutu ta bayan fage. Kafin asuba na kama ƙwarona.