John Bunyan: mai gyaran tukwanen da ya yi fama da waswasi

Duk wanda ya taɓa ganin mutum yana maimaita alwala har lokacin salla ya kusa fita, ya san waswasi ba abin wasa ba ne. Cutar kuwa ba ta zaɓen addini. Fiye da shekaru 350 da suka wuce ta kama wani Kirista a Ingila mai suna John Bunyan, ya kuma rubuta yadda ta yi da shi dalla-dalla.

An haife shi a 1628 a ƙauyen Elstow, kusa da garin Bedford. Ya gaji sana'ar mahaifinsa ta gyaran tukwane da butocin ƙarfe. Yana ɗan shekara 16 ya shiga soja a yaƙin basasar Ingila. Da ya dawo ya yi aure cikin talauci, amaryar ba ta zo da komai ba sai littattafan addini guda biyu da mahaifinta ya bar mata. Karatunsu ne ya fara karkatar da shi ga ibada.

Tare da ibadar sai tsoro ya shigo. Yana son kaɗa ƙararrawar coci, sai ya ɗauka zunubi ne ya daina, ya koma kallo. Can sai ya fara fargabar ƙararrawar za ta faɗo masa, ya koma bakin ƙofa, nan ma ya ji kamar hasumiyar za ta rufta. Daga baya tunanin saɓo ya riƙa faɗo masa a tsakiyar addu'a, ba da sonsa ba, har ya zaci shi kaɗai ne a duniya mai irin wannan zuciya.

Ana cikin haka wani tsohon littafi, wanda ya kusa yagalgalewa, ya faɗo hannunsa: sharhin malamin Jamus Martin Luther kan wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa. Luther ya rasu tun 1546, amma Bunyan ya tarar da halinsa a ciki kamar daga zuciyarsa aka kwafo shi. Littafin bai warkar da shi ba. Bayansa ma ya shiga mafi munin jarrabawa, tunanin sayar da Almasihu ya dame shi dare da rana, ya shafe kusan shekara biyu yana ganin ya yi zunubin da ba a yafewa. Abin da littafin ya ba shi shi ne sanin cewa wani mai imani ya bi wannan hanya kafin shi, bai kuma halaka ba. Sauƙi ya zo a hankali.

A 1660 aka kama shi saboda wa'azi ba da izini ba. Ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford, yana haɗa igiyoyin takalmi don ciyar da iyalinsa, ciki har da 'yarsa makauniya. A can ya rubuta tarihin faman da ya yi, Grace Abounding, wanda ya fito a 1666. A 1678 aka buga The Pilgrim's Progress, labarin matafiyi mai ɗauke da kaya a gadon baya, wanda ya faɗa taɓon fid da rai, aka kuma kulle shi a gidan kokwanto kafin ya kai birnin da ya nufa. An fassara shi zuwa harsuna sama da 200. Hausawan Maiwurno da ƙauyukan Sinnar, waɗanda kakanninsu suka tako da ƙafa suna nufin Gabas, ba sai an fassara musu ma'anar irin wannan tafiya ba.

Bunyan ya rasu a Landan a 1688. Likitocin ƙwaƙwalwa da dama a yau suna karanta labarinsa a matsayin misalin cutar OCD, wato tunanin da ke cusa kansa da ayyukan da mutum ke maimaitawa don ya samu sauƙi. Malaman Musulunci ma suna koyar da cewa ba a kama mutum da waswasin da bai furta ba, bai kuma aikata ba. Mai fama da shi ya samu malamin da ya yarda da shi, ya kuma ga likita, domin cutar tana da magani.