Dokta Robert Willan, likitan da ya fayyace cutar ekzima

An haifi Robert Willan a shekarar 1757 kusa da garin Sedbergh a arewacin Ingila. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Edinbura a 1780, sannan a 1783 ya fara aiki a wani asibitin talakawa da ke titin Carey a Landan. Wajen shekara ashirin ya yi a can yana duba marasa lafiya, a birnin da hayaƙin kwal ya turnuƙe.

A lokacin, likitoci na kiran cututtukan fata da sunaye barkatai, kowa da nasa. Willan ya kasa su gida takwas bisa yadda ƙurajen suke a ido, ya sa aka zana hotunansu masu launi. A nan ne ekzima ta samu ma'anarta: ƙananan ƙuraje masu ruwa, a cunkushe, kuma ba a ɗaukarta daga wani. A lura, wannan ba kyasbi ba ne, duk da mutane da yawa a wajenmu suna haɗa su. Kyasbi naman gwari ke kawo shi, maganinsa ma daban.

Abin da ya fi amfanar mai ciwon shi ne yadda Willan da almajirinsa Thomas Bateman suka nuna cewa abin da ke taɓa fata daga waje na iya tayar da ita, kamar zafin rana da sinadarin makuri. Binciken zamani ya ƙara gurɓatacciyar iska a kan wannan. Ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da iskar da ke fita daga salansar mota suna raunana fatar sama, ta bushe, ƙaiƙayi ya ƙaru. Lokacin gobarar dajin Kalifoniya ta 2018, masu zuwa asibiti da ekzima a San Faransisko sun ƙaru. Shi ya sa likita kan tambayi uwa ko yaronta na zama kusa da murhun itace ko janareta, kuma ya ce a riƙa shafa masa mai bayan wanka, musamman da hunturu.

Willan bai ga ƙarshen aikinsa ba. Rashin lafiya ya kai shi tsibirin Madeira neman sauƙi, ya rasu a can a watan Afrilun 1812 yana da shekara 54. Bateman ne ya ƙarasa littafin hotunan, ya fitar da shi a 1817.