David Ogilvy

David Mackenzie Ogilvy (an haife shi a ranar 23 ga watan Yuni, 1911, ya mutu a ranar 21 ga watan Yuli, 1999) ɗan Birtaniya ne da ya yi suna a sana'ar tsara tallace-tallace a Amurka. Shi ne ya kafa kamfanin da aka fi sani da Ogilvy & Mather, wanda ya soma da ƙaramin ofis a birnin New York a shekarar 1948, ya bunƙasa har ya shiga sahun manyan kamfanonin talla na duniya. An san shi da dagewa a kan cewa bincike ne tushen talla, kuma ba a auna talla da kyansa sai da yawan kayan da ya sa aka saya. Ya yi tashe a daidai zamanin da wasan kwaikwayon talabijin mai suna Mad Men ya ɗauko labarinsa, don haka ake yawan duba rayuwarsa idan ana son gane inda shirin ya dace da gaskiya da inda ya kauce.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Ogilvy a ƙauyen West Horsley da ke yankin Surrey a Ingila. Mahaifinsa ɗan asalin Sikotilan ne mai dillancin hannun jari, mahaifiyarsa kuma 'yar asalin Ayalan. Kasuwancin mahaifin ya karye tun David yana yaro, don haka da rangwamen kuɗin makaranta da tallafin karatu ya yi ilimi. Ya halarci kwalejin Fettes a Edinburgh, sannan a 1929 ya samu gurbin karanta tarihi a kwalejin Christ Church ta Jami'ar Oxford. Karatun bai yi masa daɗi ba, ya bar jami'ar a 1931 ba tare da digiri ba.

Ayyukan da ya yi kafin talla

Daga Oxford ya tafi Faransa, ya zama yaron kuku a kicin ɗin otel ɗin Majestic a birnin Paris. Ya yi kusan shekara ɗaya a wurin. Daga baya ya sha bayyana cewa a wannan kicin ya koyi shugabanci, saboda yadda ya ga babban kukun yana riƙe yaransa da horo mai tsanani, ba ya yawan yabo, kuma ba ya barin abinci ya fita sai ya duba shi da kansa.

Da ya koma Birtaniya ya shiga tallan murhun girki mai suna AGA, yana bin gida-gida a Sikotilan. Ya yi cinikin da ya sa kamfanin ya nemi ya rubuta wa sauran 'yan tallan littafin jagora, ya kuma rubuta shi a 1935. Yayansa Francis Ogilvy, wanda ke aiki a kamfanin talla na Mather & Crowther a Landan, ya nuna wa shugabanninsa littafin, suka ɗauki David aiki.

A 1938 ya tafi Amurka, inda ya samu aiki a cibiyar George Gallup ta binciken ra'ayin jama'a a garin Princeton na jihar New Jersey. Aikinsa shi ne auna ra'ayin masu kallon sinima don kamfanonin fim na Hollywood su san irin labari da 'yan wasan da mutane za su biya kuɗi su kalla. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa hukumar leƙen asirin Birtaniya aiki a ƙarƙashin William Stephenson, ya kuma yi aiki a ofishin jakadancin Birtaniya a Washington. Bayan yaƙin ya sayi gona a yankin Lancaster na jihar Pennsylvania, ya zauna cikin al'ummar Amish, manoman da ke guje wa kayan zamani. Noman bai karɓe shi ba, sai ya koma New York.

Kafa kamfani da shahararrun tallace-tallacensa

A 1948 ya buɗe kamfanin Hewitt, Ogilvy, Benson & Mather da goyon bayan kamfanonin Landan guda biyu, Mather & Crowther da S. H. Benson. Anderson Hewitt, wani Ba'amurke, shi ne shugaba na farko, Ogilvy kuma yana riƙe da sashen bincike. Da Hewitt ya fita a 1953 ragama ta koma hannun Ogilvy. Tun kamfanin yana ƙarami ya rubuta sunayen manyan kamfanoni biyar da yake burin yi wa aiki: General Foods, Bristol-Myers, Campbell Soup, Lever Brothers da Shell. Da tafiya ta yi tafiya duk biyar ɗin sun ba shi aiki.

Tallan da ya fara fito da sunansa shi ne na rigunan Hathaway a 1951. Hathaway ƙaramin kamfani ne a jihar Maine wanda ba shi da kuɗin yin gogayya da manya. Ogilvy ya sa aka ɗauki hoton wani dattijo mai kwarjini, George Wrangell, sanye da rigar, ido ɗaya a rufe da baƙin ƙyalle. Ƙyallen ya sa masu karanta mujallar The New Yorker suna tsayawa su tambayi kansu ko wane ne wannan mutum, cinikin rigunan kuma ya tashi. A 1953 ya shawo kan Edward Whitehead, shugaban reshen kamfanin lemon Schweppes a Amurka, ya fito da kansa a tallan kayansa da jan gemunsa. Ga sabulun Dove na Lever Brothers kuma, ya gina tallan ne a kan abin da ya gano cikin bayanan haɗa shi, wato kashi ɗaya cikin huɗu na sabulun man gyaran fata ne.

Tallan motar Rolls-Royce na 1958 shi ya fi nuna yadda yake aiki. Ya yi mako uku yana karanta duk abin da aka rubuta a kan motar, har ya ci karo da bayanin cewa ko tana gudun mil 60 a awa, ƙarar agogonta ta fi ta injinta fitowa. Wannan ya zama kanun tallan, ƙarƙashinsa kuma ya jero bayanai masu lamba a kan yadda ake ƙera motar da gwada ta.

Yadda yake aiki

A wata wasiƙa da ya rubuta a 1955 ya zayyana matakan da yake bi. Ba ya rubuta talla a ofis saboda yawan katsewa, a gida yake yi. Yakan fara da nazarin tallace-tallacen da abokan gogayya suka fitar cikin shekaru 20 da suka wuce, sannan ya nemi sakamakon bincike, ya rubuta manufar tallan, ya jira mai kaya ya amince da ita. Bayan nan yakan rubuta kanu har guda 20 don talla ɗaya, ya nemi ra'ayin abokan aiki, ya gyara rubutun sau huɗu ko biyar kafin ya nuna shi.

Ya ɗauki Claude Hopkins, marubucin littafin Scientific Advertising na 1923, a matsayin malami. Ya kuma koyi abubuwa da dama daga Rosser Reeves na kamfanin Ted Bates, wanda matarsa da matar Ogilvy ta farko 'yan'uwan juna ne, ko da yake sun saɓa daga baya a kan salo. Reeves ya fi son a maimaita magana ɗaya har ta zauna a kunne, shi kuwa Ogilvy yana ganin kowane talla tubali ne wajen gina mutuncin kaya na dogon lokaci. Yana gargaɗin ma'aikatansa kada su raina hankalin mai saye, kada kuma su rubuta abin da ba za su so iyalinsu su karanta ba.

A wancan zamani kamfanonin talla suna rayuwa ne da kamasho: jarida ko gidan talabijin yakan bar musu kashi 15 cikin 100 na kuɗin filin da suka saya wa mai kaya. Wannan tsari yana jan kamfanin talla ya riƙa zuga mai kaya ya ƙara kashe kuɗi. Da Shell ya ba Ogilvy aiki a 1960, sun daidaita a kan ladan aiki tsayayye maimakon kamasho, abin da ya fusata da yawa daga cikin abokan sana'arsa. A 1963 ya fitar da littafin Confessions of an Advertising Man, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da dama.

Zamaninsa a shirin Mad Men

Mad Men shiri ne da Matthew Weiner ya ƙirƙira, tashar AMC ta nuna shi daga 2007 zuwa 2015, zango 7, kashi 92. Labarin yana gudana daga 1960 zuwa 1970 a wani ƙagaggen kamfani, Sterling Cooper, a titin Madison na New York, cibiyar sana'ar talla. Jon Hamm ne ya fito a matsayin Don Draper, shugaban sashen ƙirƙira. Ba rayuwar Ogilvy aka kwaikwaya ba. An fi danganta sunan jarumin da Draper Daniels na kamfanin Leo Burnett a Chicago. Amma an ambaci littafin Ogilvy a zango na uku, wanda labarinsa ya faɗo a 1963, inda ɗaya daga cikin masu kamfanin, Roger Sterling, ya yi masa shaguɓe.

Waɗanda suka yi aiki a lokacin sun tabbatar da abubuwa da dama da shirin ya nuna. Jane Maas, wadda ta shiga kamfanin Ogilvy a 1964 a matsayin marubuciyar talla, ta fitar da littafin Mad Women a 2012, inda ta bayyana cewa shan giya da tsakar rana, hayaƙin taba a ofis, da ƙarancin albashin mata duk gaskiya ne. Yawancin mata sakatarori ne, waɗanda suka samu damar rubutu kuma akan tura su ga kayan girki da na wanki, kamar yadda aka nuna a rayuwar Peggy Olson a shirin. Wariyar launin fata ma ba ƙage ba ce: farkon zango na biyar an gina shi ne a kan abin da ya faru a 1966, lokacin da wasu ma'aikatan Young & Rubicam suka jefo wa masu zanga-zanga jakunkunan takarda cike da ruwa daga tagar ofis. Fargabar rasa babban mai ba da aiki, kamar yadda Sterling Cooper ya dogara da tabar Lucky Strike, ita ma haka take a tsarin kamasho.

Inda shirin ya fi kaucewa shi ne aikin kansa. Don Draper yakan samu dabara ne farat ɗaya, ya burge masu kaya da daɗin baki, a kashi na farko ma an nuna shi yana jefa rahoton bincike a kwandon shara. Tarihin Ogilvy ya nuna akasin haka: makonni na karatu, gwaje-gwaje, da gyaran rubutu da dare, abubuwan da ba su da daɗin kallo a talabijin. George Lois, wani fitaccen mai zanen talla na wancan zamani, ya soki shirin da cewa ya fifita shaye-shaye da neman mata a kan sauyin da matasa irinsu suka kawo a sana'ar. Duk da haka, Ogilvy da kansa ya ambata a wasiƙarsa ta 1955 cewa idan rubutu ya cije yakan koma ga barasa da kiɗa, wanda ke nuna cewa shirin bai ƙirƙiri wannan ɗabi'a daga babu ba.

Bunƙasar kamfani da shekarun ƙarshe

A tsakiyar shekarun 1960 kamfaninsa ya haɗe da Mather & Crowther, a 1966 kuma ya fara sayar da hannun jari ga jama'a. A 1971 ya sayi S. H. Benson, abin da ya faɗaɗa rassansa a ƙasashen waje. A Najeriya, kamfanin Ogilvy, Benson & Mather yana cikin manyan kamfanonin talla na Legas a shekarun 1970, tare da Lintas wanda ya samo asali daga West African Publicity da aka kafa a 1928.

Ogilvy ya sauka daga shugabanci a 1973, ya koma gidansa na Touffou, wani tsohon katafaren gini kusa da Poitiers a Faransa. Bai daina aika wa ma'aikata takardu ba, har yawan wasiƙunsa ya sa aka ɗaga darajar gidan wayan garin Bonnes. Ya fitar da tarihin rayuwarsa, Blood, Brains and Beer, a 1978, da Ogilvy on Advertising a 1983. A shekarun 1980 ya sake riƙe shugabancin reshen kamfanin a Indiya, ya kuma riƙe na Jamus na ɗan lokaci. A 1989 kamfanin WPP na Martin Sorrell ya saye kamfanin a kan dala miliyan 864. Ogilvy ya yi adawa da cinikin, amma daga baya ya karɓi kujerar shugaban hukumar gudanarwar WPP ya riƙe ta shekara uku. Bayan haka mata biyu sun shugabanci kamfanin a jere, Charlotte Beers daga 1992, sai Shelly Lazarus, wadda ta shiga kamfanin a 1971.

Iyali, karramawa da mutuwa

Ogilvy ya yi aure sau uku, yana da ɗa namiji ɗaya daga matarsa ta farko. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girmamawa ta CBE a 1967, a 1977 kuma aka sa sunansa a jerin gwarazan sana'ar talla na Amurka. Ya mutu a gidansa na Touffou a ranar 21 ga watan Yuli, 1999, yana da shekara 88. Kamfanin yana nan har yau a ƙarƙashin WPP, kuma tun 2018 sunansa kaɗai yake ɗauke da shi, wato Ogilvy.